ZALUNCI DA MUGUNTA: DAGA MAGAMA ZUWA MARAƊI

A littattafaina na soyayya nakan kira kishiya muguwa, mai unguwa kuwa azzalumi. Yau bari mu bi sawun kalmomin nan biyu, domin ba ɗaya suke ba.

Mugunta tamu ce ta gado, daga mugu. Hali ce a zuciya, har yaro yana iya yi wa kyanwa. Shi ya sa Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Zalunci kuwa baƙo ne da ya zo tare da malamai. Asalinsa zulmu na Larabci, tushensa ɗaya da zulumat, wato duhu. Malaman lugga sun ce ma'anarsa ajiye abu ba a muhallinsa ba. Azzalumi ma da "al" ɗinsa muka ɗauke shi, kamar annabi da addu'a. Kalmar ta yi yawo: Turkawa na cewa zulum, masu Swahili dhuluma, a fina-finan Indiya ma za ku ji zulm. Faransanci kuwa nasa cruauté daga Latin ne, dangin kalmar ɗanyen abu.

To me ya kawo Jibiya? Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Haɓe da zalunci, a Kitabul Farƙi ya lissafo harajinsu da ƙwacensu. Wajen 1807 Katsina ta faɗa hannun Ummarun Dallaje, gidan sarautar dauri ya yi arewa, daga baya ya zauna Maraɗi. Daga can su Ɗan Baskore suka riƙa kawo hari, talakawan tsakiya suna shan wuya. Sai Ingila da Faransa suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, Jibiya nan, Ɗan Isa can, harshe ɗaya, dangi ɗaya.

An rufe iyakar a 2019, aka buɗe ta Jibiya a 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake garƙame ta har Maris 2024. Direban da kayansa suka lalace a Magama ba zai ce mugunta ba, don wanda ya sa hannu bai ma san shi ba. Zalunci zai ce, domin zalunci sai mai iko, kuma a bayansa akwai haƙƙi da ranar hisabi. Shi ya sa "Allah ya isa" ke biye da shi.

Allah Ya kiyashe mu da haƙƙin wani, amin.