Daga Bakin Mai Shela Zuwa Saƙon Murya a Ƙasar Madarumfa

Tun kafin takarda ta yawaita a ƙasar Katsinar Maraɗi, sarauta tana da hanyarta ta yin magana da talakawa. Lokacin da jihadin da ya soma a 1804 ya fitar da sarakunan Haɓe daga Birnin Katsina, suka kafa sabuwar fada a Maraɗi, sun zo da tambarinsu da maroƙansu. Sarki ba ya ɗaga murya da kansa. Mai shela ne yake ratsa kasuwa, ya ambaci wanda ya aiko shi, sa'an nan ya faɗi saƙo. Kowa ya san fuskarsa da gidansu, kuma in ya ƙara gishiri akwai inda za a je a tuhume shi. Har yau a karkarar Madarumfa, Gabi da Ɗan Isa ba a rasa mai shela ranar kasuwa.

Rediyo ya shigo da wani sabon abu. An buɗe gidan Rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, amma abin da ya fi cancantar malamai su tuna shi ne ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962. Yawancin masu jagorancinsu malaman makaranta ne. Da dare sukan tara mutanen gari a saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, a tattauna, sa'an nan malami ya ɗauki muryoyin jama'a a na'ura ya aika Yamai, a sake watsa su ga ƙasa baki ɗaya. Ke nan manomi ya samu bakin mayar wa hukuma da amsa, cikin harshensa, ba tare da ya iya rubutu ba. A ganina, duk abin da ake kira hulɗa da jama'a a ofisoshinmu na yau bai kai wannan tsari zurfin tunani ba.

Daga tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, suka buɗe, sanarwar biki da ta rasuwa da cigiya suka koma can. Wayar salula ta iso a 2001. Binciken da Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Nijar ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina ɗora buhun gero a mota bisa jita-jita.

Sai ga Facebook da WhatsApp. Na farko ya fi zama dandalin masu ilimin boko da ma'aikatun da ke son a ga hotunan ayyukansu. Na biyu kuwa shi ya shiga ƙauye, saboda saƙon murya ba ya tambayar ko ka yi lakkol. Magana ta koma baka kamar yadda take a da, sai dai ta dawo babu mai shela. Saƙo yakan ratsa wayoyi goma, a rasa wanda ya fara faɗarsa.

A yankin da ke maƙwabtaka da Jibiya wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun ƙarshen shekarun 2010 da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, saƙon murya ɗaya yana iya tsirar da gari, wani kuma na ƙarya ya watsa kasuwa ko ya jefa wa baƙo zargi.

Hukuma ta amsa da doka. A 2019 aka kafa dokar laifuffukan intanet, aka sassauta ta a 2022, sa'an nan a watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya ta da hankalin jama'a. A Fabrairun 2021 ma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ɗin waya na kimanin kwana 10. Doka tana iya kama wanda ya tura saƙo, amma ba ta samar da mutumin da gari ya yarda da bakinsa, wanda zai saurara, ya tantance, ya ce wannan gaskiya ne, wancan a dakata. A 1962 malamin makaranta aka ba wannan aiki, kuma makarantun Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma suna nan da malamansu.