Zanen ƙwarya: adon ɗaki da ake yi da hannu a gida

Duk ƙarshen shekara, ƴan uwanmu da ke zaune Turai da Amurka sukan aiko da hotuna ta WhatsApp: itace a tsakar falo, an rataya masa ƴan ƙwallaye na gilashi masu walƙiya. Adon bikin Kirsimati ne, wanda a nan Nijar muka fi sani da Nowel. Wasu masu saurare sun tambaye mu ko mu ma muna da irin wannan ado na ratayawa da ake zanawa a gida. Muna da shi, sai dai namu ba a hura shi da wuta, shuka shi ake yi. Ƙwarya ce.

Bari mu fara da na Turawan, a taƙaice. Asalinsa wani ƙaramin gari ne mai suna Lausha a ƙasar Jamus, inda ake aikin gilashi tun 1597. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 masu aikin suka fara hura ƴan ƙwallaye marasa nauyi don adon itacen biki. Aikin gida ne: maigida na hurawa a bakin fitila, a zuba ruwan azurfa a ciki don ya yi ƙyalli, mata da yara su yi zanen waje su sa maratayi. Wajen 1880 kantunan Woolworth suka fara sayar da su a Amurka, daga nan suka bazu duniya. Yau yawancinsu inji ke yi, shi ya sa wasu iyalai can suke sayen farare su zana da kansu.

To mu dawo gida. Ƙwarya daga duma take, shukar nan mai yaɗo da ke hawa danga da rumbu da rufin ɗaki a damina. Masana sun ce asalinta Afirka ne, kuma tana cikin tsirran da ɗan Adam ya fara amfani da su, kusan shekara 10,000 da suka wuce. A nan Arewa, daga Dumega zuwa Tibiri, Geceme, Kore Mairuwa har Dogon Dutsi, babu gidan da bai san ta ba. Siffar duman ita ke ba da suna. Babba ƙwarai masaki ne, matsakaiciya ƙwarya, ƙarami ƙoƙo. Mai dogon wuya in an raba shi biyu ludayi ya fito, in an bar shi ɗaya aka buɗe baki kawai, gora ne. Da ita ake dama hura, da ita ake awo, da ita mata ke kiɗan ƙwarya ranar biki, ita ce kuma cikin goge.

Kafin a kai ga zane

Rabin aikin a gona yake. Ba a cire duma sai igiyarsa ta bushe, bayan kaka. Wanda aka cire ɗanye yakan yamutse, kuma ko an zana shi ba ya daɗewa. In ya ƙosa sai a fafe, a kwashe ƴaƴan da totuwar ciki, a jiƙa cikin ruwa kwanaki har abin da ya maƙale ya ruɓe, a kankare, a wanke. Wannan jiƙon shi ke fitar da ɗaci. Kada a raina shi, domin ɗacin duma guba ne, yana iya kawo amai da zawo. Sannan a shanya a inuwa. Rana mai zafi tana tsaga ƙwarya, iskar hunturu ma haka in an bar ta a fili. Mai son adon Sallah ko na bikin ɗiyarta sai ta fara da wuri. Hausawa sun riga sun hana fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyin zanen

Wadda aka fi sani ita ce ƙuna. Ana sa wuƙa ko tsinken ƙarfe a garwashi ya yi ja, a riƙa jan layi a bayan ƙwaryar. Inda ƙarfen ya bi sai ya bar baƙi a kan ruwan ɗorawa. Masu iyawa sukan ajiye ƙarfe biyu ko uku a wuta, ɗaya na hannu ɗaya na zafi, domin ƙarfen da ya huce ja kawai yake, ba ya cin fata. Bakin wuƙar ke yin siririn layi, gefenta kuma a kwantar da shi in ana son cike fili da baƙi. Ba a dannawa da ƙarfi. Hannun hagu ke juya ƙwaryar, na dama kusan a tsaye yake, kuma a nan ake gane ƙwararriya da mai koyo. Kuskuren ƙuna ba ya goguwa, sai dai a mai da shi wani zanen. Saboda haka mai koyo ta fara zana abin da take so da gawayi ko fensir, ta kuma gwada hannunta a kan sakaina kafin ta taɓa sabuwar ƙwarya.

Hanya ta biyu sassaƙa ce. Ana fere fatar waje da wuƙa mai kaifi, farin ciki ya bayyana, a bar zanen ya fito sama. Wasu sukan shafa alli ko farar ƙasa a guraben da aka fere don farin ya ƙara fita, wasu kuma baƙin tukunya da ɗan mai, a goge saman, baƙin ya zauna cikin layukan. Wannan ta fi ƙuna cin lokaci, ta kuma fi son ƙwarya mai kauri.

Akwai rini. Karan dafi, in an dafa shi da kanwa, yana ba da jan nan mai duhu da dukawa ke rina fata da shi, kuma ƙwarya na karɓarsa. Hayaƙin madafa kansa rini ne: ƙwaryar da ta shekara a rataye kusa da murhu takan koma launin zuma, kuma ƙwari ba su cika taɓa ta ba. In an rina sannan aka sassaƙa, fari a kan ja, a ganinmu babu adon kanti da ya kai shi kyau.

Zanen kansa yawanci layuka ne da da'ira da kusurwa uku-uku da ake jerawa daga baki zuwa gindi, wani lokaci dagi, ko hoton ƙadangare ko tsuntsu. Matan Fulani sun shahara a nan, domin ƙorensu na ado dukiya ce da ake fitarwa ranar taro a nuna.

Maganar fenti

Yanzu yara mata da yawa sun fi son fentin gwangwani, don yana da sauri kuma launinsa na ɗaukar ido. A nan muke son a saurara da kyau. Wasu fentin mai, musamman ja da ɗorawa, suna ɗauke da dalma, kuma ba a gane ta da ido ko da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma, komai ƙanƙantarsa, da ba ya cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Waccan ba fenti ba ne, amma gubar ɗaya ce. Don haka ƙwaryar da aka yi wa fenti ta ado ce kawai. Ba a dama hura a ciki, ba a zuba nono, ba a ba yaro ƙoƙon ya yi wasa, don baki zai kai. Ƙuna da sassaƙa da karan dafi ba su da wannan matsala.

In lallai sai an yi fenti, a nemi na ruwa, a goge bayan ƙwaryar da yashi mai laushi ko sanfefa don ya kama, a shafa siriri, a bari ya bushe kafin a ƙara. Haka ma wanda aka kawo wa ƙwallayen gilashin nan tsaraba, kamar iyalan Kirista na Dogon Dutsi da Geceme masu adon Nowel: a wanke, a goge maiƙon hannu da alkol, a yi zanen, a rataya ya bushe. Gilashin siriri ne ƙwarai, in ya faɗi dagargajewa yake, sai a ɗaga shi sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Ƙananan ƙoƙuna da aka huda aka sa wa zare suna yin wannan aikin, kuma ba sa yanka ƙafar kowa.

Inda ƙwaryar ado take a yau

Da can ita ce kayan jeren amarya. Ana jera ta manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da faifai, wasu a rataya a ragaya. Kwanonin sanholo da tasoshi suka zo suka ture ta, bayansu tangaran da gilashi a kabad, roba kuma ta ƙwace aikin yau da kullum. Gyartai, mai ɗinkin ƙwaryar da ta tsage, yanzu sai an yi cigiyarsa a kasuwa.

Amma kasuwarta ba ta mutu ba, wuri ta sake. A Yamai ana sayar da zanannun ƙore wajen masu sana'ar hannu na gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, da ƙauyen masu sana'a na Wadata, da baje kolin sana'ar mata na SAFEM da aka fara a 2000. Masu saye a can kyan zane suke biya, ba girman ƙwarya ba, kuma ƙananan da za su shiga jaka sun fi fita.

Mai son aika wa ɗan uwa a waje ya sa ƙarama cikin babba, da tsumma tsakaninsu. Ya tabbata an kankare cikin sarai, babu ƙwayar iri ko ɗaya, babu ramin ƙwaro, domin ƙasashe da yawa ba sa bari a shigar musu da iri ko itace mai ƙwari, kuma a filin jirgi ake karɓewa.