Na'urar Rada a Fannin Lafiya da Tsaro

Rada na'ura ce da ke aika igiyar rediyo, sa'an nan ta auna wadda ta dawo bayan ta bugi wani abu. Robert Watson-Watt ya gwada ta a Ingila cikin 1935 domin hango jiragen sama.

Daga bisani injiniyoyi suka faɗaɗa amfaninta. A Jami'ar Bristol an ƙera na'urar MARIA mai binciken sankarar mama, kasancewar ƙari ya fi kitse ruwa, don haka amsawarsu ta bambanta. Wata irin kuwa nakiyoyin da aka binne take ganowa.

Muna kira ga mata da su garzaya asibiti da zarar sun ji ƙullutu a mama. Manomin da ya ga baƙon ƙarfe a gona kada ya taɓa, ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.