Tarihin Hutun Haihuwa ga Mata Ma'aikata

Hutun haihuwa shi ne lokacin da doka, ko yarjejeniyar ɗaukar aiki, ta ware wa mace ma'aikaciya ta bar wurin aiki gab da haihuwa da kuma bayanta, ba tare da ta rasa gurbinta ba. Abubuwa uku ake dubawa a cikinsa: tsawon hutun, kuɗin da za a ba ta a lokacin, da tabbacin cewa za ta dawo ta tarar da aikinta. A cikin ukun, batun kuɗi ne ya fi jawo gardama tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau, domin daga inda kuɗin zai fito shi ke nuna ko mai kamfani zai yi marhabin da mace mai neman aiki ko zai kauce mata.

Kafin doka

Hutun mai jego ya girmi kowace doka. A ƙasar Hausa mace kan yi arba'in tana wankan jego, ana dama mata kunun kanwa, 'yan'uwa mata na ɗauke mata aikin gida, mai haihuwar fari kuma kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Al'ummomi da yawa na da makamancin wannan. Dangi ne ke ɗaukar nauyin irin wannan hutu, kuma bai buƙaci takarda ba, tunda aikin da macen ta ajiye na gida ne ko na gona. Matsala ta taso ne sa'ad da aikin albashi ya raba mace da gida, ya kai ta masaƙa inda ake biya bisa kwanakin da aka yi aiki. A garuruwan masaƙu na Turai, mace kan koma bakin inji kwanaki kaɗan bayan ta sauka, jariri kuwa a bar shi hannun tsohuwa ko yarinya. Likitoci da masu duba masana'antu suka yi ta danganta yawan mutuwar jarirai da wannan hali.

Hani ba tare da biya ba

Suwizalan ce ta fara kafa dokar ƙasa a kan lamarin. Dokarta ta masana'antu ta 1877 ta hana a sa mace aiki na tsawon mako takwas a lokacin haihuwa, aƙalla shida daga ciki bayan ta sauka. Jamus ta bi sahu a 1878 da mako uku. A 1890 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kira taron ƙasashe a Berlin kan kare ma'aikata, inda aka ba da shawarar mako huɗu, Ingila kuma ta sa hakan cikin dokarta ta masana'antu ta 1891.

Waɗannan dokoki na farko hani ne kawai. Sun ce kada a ɗauki mai jego aiki, amma ba su ce a ba ta ko kwabo ba, kuma ba su yi mata alkawarin gurbinta ba. Ga matar da albashinta ke ciyar da gida, an hana ta nema ba a ba ta abinci ba. Saboda haka mata da yawa suka riƙa ɓoye ranar haihuwa, ko su nemi aiki a wata masana'anta da ba a san su ba, masu masana'antu kuma suka riƙa kau da kai. Jamus ce ta fara toshe wannan ɓaraka: dokar inshorar lafiya ta 1883, ta zamanin Bismarck, ta sa asusun da ma'aikata da masu kamfani ke zuba wa kuɗi ya riƙa biyan mai jego wani kaso na albashinta a makonni ukun. Kuɗin ba su da yawa, amma tsarin ya kafu, wato nauyin haihuwa ya hau kan asusu na gama-gari maimakon aljihun mutum ɗaya.

Faransa ta zo a makare, kuma abin da ya tura ta shi ne fargabar ƙarancin haihuwa a gaban Jamus mai yawan jama'a. Dokar 1909 ta ba mace damar hutun mako takwas ba tare da an sallame ta ba, ta 1913 kuma ta wajabta mako huɗu bayan haihuwa tare da ɗan tallafi ga marasa ƙarfi. A Ingila, dokar inshora ta 1911 ta tanadi fam ɗaya da sule goma ga kowace haihuwa. Da farko mijin ake miƙa wa kuɗin, sai da ƙungiyoyin mata suka matsa aka gyara doka a 1913 suka zama na uwa.

Washington, 1919

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta yi babban taronta na farko a Washington a ƙarshen 1919, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya cika masana'antu da mata. A daidai lokacin, mata 'yan ƙwadago daga ƙasashe da dama suka yi nasu taron a birnin, domin ba su da ƙuri'a a zauren, suka aika da buƙatunsu. Yarjejeniya ta uku da taron ya zartar ta kare haihuwa ce. Ta hana aiki na mako shida bayan haihuwa, ta ba mace ikon barin aiki mako shida kafin ta da takardar likita, ta tanadi likita ko ungozoma kyauta, da hutun rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa, ta kuma haramta sallama a lokacin hutun. Ta shafi kowace mace, mai aure da marar aure. Kuɗin kuwa ta ce su fito daga baitulmali ko daga inshora.

An sake duba yarjejeniyar a 1952. Sabuwar, mai lamba 103, ta tsayar da mako 12, ta ce inda inshora ke biya bisa albashi kada kuɗin su gaza kashi biyu cikin uku, ta kuma faɗi ƙarara cewa kada a ɗora wa mai kamfani shi kaɗai nauyin biyan matan da ke masa aiki. Wannan sharaɗi ba don tausayin masu kuɗi aka sa shi ba. Idan kowane mai kamfani zai biya hutun ma'aikatansa daga aljihunsa, to ɗaukar mace ya fi ɗaukar namiji tsada, kuma ɗan kasuwa ba ya buƙatar a koya masa wannan lissafi. Yarjejeniya ta 183, ta shekarar 2000, ta kai hutun mako 14, ta ƙara kariya daga aikin da ke cutar da mai ciki, ta hana a tilasta wa mai neman aiki gwajin ciki sai a wasu ayyuka ƙalilan. Shawarar da ke tare da ita ta nemi a kai mako 18. Ƙasashen da suka amince da waɗannan yarjejeniyoyi a hukumance ba su da yawa, amma alƙalumansu, 12 da 14, su ne suka bazu cikin dokokin ƙwadago na duniya.

Aure a matsayin takardar sallama

Akwai wata hanya da ma'aikatu suka daɗe suna bi don kauce wa batun gaba ɗaya: da zarar mace ta yi aure sai ta ajiye aiki. Aikin gwamnatin Ingila ya riƙe wannan ƙa'ida har 1946, na Ailan har 1973, kuma makarantu da bankuna sun yi amfani da ita sosai. Suwidin ta haramta sallamar mace saboda aure ko ciki tun 1939, a lokacin da Alva Myrdal da mijinta Gunnar ke jan hankalin ƙasar kan raguwar haihuwa. Ingila, duk da dokarta ta 1891, ba ta ba mace haƙƙin komawa aikinta bayan haihuwa ba sai da dokar kare aiki ta 1975. Yau hutun can ya kai mako 52, ana biyan 39 daga ciki.

Suwidin ce kuma ta sauya fasalin abin a 1974, ta mayar da hutun na iyaye biyu, wata shida da za su raba yadda suka so. A shekarar farko rabon da maza suka ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kwanakin ba. Norway ta gano maganin a 1993: ta ware wa uba mako huɗu, in bai ɗauka ba sun faɗi, ba a miƙa wa uwa. Suwidin ta kwaikwaya a 1995, kuma yanzu iyaye na da kwana 480 a kan kowane ɗa. Manufar ta haɗa da kusanta uba da ɗansa, amma ta taɓa lissafin mai kamfani ma, tunda namijin da ya ɗauka aiki shi ma wata rana zai nemi hutun.

Amurka, inda kamfani ke yanke hukunci

A Amurka ne manufar kamfani ta fi nauyi, saboda dokar tarayya ta bar fili. A 1974 Kotun Ƙoli ta soke ƙa'idar hukumar ilimi ta Cleveland da ke tilasta wa malama barin aji, ba albashi, wata biyar kafin haihuwa. Amma a 1976, a ƙarar da ta shafi kamfanin General Electric, kotun ta ce cire ciki daga inshorar rashin lafiya ta ma'aikata ba wariyar jinsi ba ce. Hukuncin ya harzuƙa mutane, majalisa ta mayar da martani da dokar 1978 da ta haramta nuna bambanci saboda ciki. Dokar hutu kuwa ta sha wuya. Shugaba George H. W. Bush ya hau kujerar na ƙi a kanta sau biyu, a 1990 da 1992, kafin Bill Clinton ya sa mata hannu a watan Fabrairun 1993. Abin da ta bayar shi ne mako 12 ba albashi, ga wanda ya yi shekara a kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye, kuma ya cika sa'o'i 1,250 na aiki. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Wasu jihohi suka kafa nasu asusun, California a gaba, wadda ta fara biya a 2004. Manyan kamfanonin fasaha kuma suka mayar da hutun abin jawo ƙwararru. Google ya ƙara nasa daga mako 12 zuwa 18 a 2007, kuma Susan Wojcicki, ɗaya daga manyansa a lokacin, ta bayyana cewa yawan masu jego da ke barin kamfanin ya ragu da rabi. Netflix ya sanar da hutu har na shekara guda a 2015. Sai dai irin wannan karamci yana bin albashi ne: injiniya ta samu, mai wanke kwanuka a gidan abinci ba ta samu ba, ga shi kuma kamfanin da ya bayar yana iya janyewa ranar da kasuwa ta juya.

Indiya ta bi wata hanya dabam. Lardin Bombay ya yi dokarsa tun 1929 saboda matan masaƙun auduga, ta ƙasa ta zo a 1961 da mako 12, gyaran 2017 kuma ya kai ta mako 26 ga 'ya'ya biyu na farko, tare da wajabta ɗakin renon yara a ma'aikata mai mutum 50. Hutu ne mai tsawo, amma a mafi yawan kamfanoni mai kamfani ne ke biya, abin da ya sa tun a lokacin aka yi ta gargaɗin cewa ƙananan kamfanoni za su rage ɗaukar mata.

Najeriya, Nijar da maƙwabta

Dokokin Afirka ta Yamma sun gaji turawan da suka mulke su. A ƙasashen rainon Faransa, 'yan ƙwadago sun yi yajin aikin gama-gari a watan Nuwamban 1952 don neman dokar ƙwadago irin ta Faransa, majalisar Paris kuma ta zartar da ita a watan Disamba. Daga nan mako 14 ya shigo, kuma shi ne har yau a Nijar da Kamaru, inda asusun walwalar ma'aikata na ƙasa ke da hannu a biyan kuɗin. Gana na ba da mako 12 da cikakken albashi bisa dokarta ta 2003.

A Najeriya, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda ta samo asali daga shekarun 1970, ya tanadi mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a bakin aiki, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Wannan kusan kwafin 1919 ne, in ban da abu guda: mai kamfani ne ke biya, babu asusun gama-gari. Ba abin mamaki ba ne a ji ana tambayar budurwa a wurin ganawar ɗaukar aiki yaushe za ta yi aure.

Ci gaban da aka samu ya fito ne daga ɓangaren gwamnati a matsayinta na mai ɗaukar ma'aikata. Aikin gwamnatin tarayya na ba da mako 16, kuma a 2021 an amince wa maza kwana 14. Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2014, a kan haihuwa biyu na farko, Kaduna kuma ta sanar da wata shida a 2019. Hujjar da aka fi kafawa ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi ga uwar da ta koma ofis ɗanta na da mako shida. Waɗannan tanade-tanade ba su wajaba a kan kamfanoni masu zaman kansu ba. Malamar ƙaramar makarantar kuɗi da ake biya ba takardar ɗaukar aiki, da 'yar aikin gida, da mai tsintar hatsi a kasuwar Dawanau da ake biya kullum da yamma, duk suna wajen wannan tsari, kuma irinsu ne mafi yawan mata masu nema a ƙasar.