Gani Ya Kori Ji: Tarihin Farautar Dodon Ƙanƙara da Mai Ƙaton Sawu

Da yawanmu mun tashi da jin labarin dodo a bakin kakanninmu, amma ba wanda ya taɓa cewa a kawo masa gashin dodon ko ƙashinsa, domin an san tatsuniya ce. To, a wasu ƙasashe abin ya wuce nan. Sama da shekara ɗari ke nan ana kashe kuɗi ana neman wasu halittu masu kama da gwaggon biri, waɗanda aka ce suna tafiya da ƙafa biyu: Yeti a tsaunukan Himalaya, da Bigfoot, wato Mai Ƙaton Sawu, a dazuzzukan Amurka. Akwai darasi a nan ga duk mai son rubuta tarihi.

Mutanen Sherpa na Nefal sun daɗe da labarin Yeti, amma a 1921 ne ya game duniya. A shekarar, ayarin Howard-Bury ya ga wasu sawaye a kan dusar ƙanƙara kusa da Dutsen Everest. Shi jagoran ya ɗauka na kyarkeci ne. Sai wani ɗan jarida a Kalkata, Henry Newman, ya fassara sunan da 'yan dako suka kira mai sawun a karkace, ya mai da shi ƙazamin mutumin ƙanƙara. Tun daga tushe ke nan an sami tangarɗa wajen fassara.

A 1951 Eric Shipton ya ɗauki hoton wani ƙaton sawu a yankin Menlung, ya ajiye gatarinsa na hawan dutse a gefe don a gane girmansa. Hoton ya ɗauki hankalin duniya, sai dai masana sun nuna cewa rana kan narkar da gefen sawu har ya ƙara faɗi. A 1960 kuma Edmund Hillary ya ari wata fatar kai da ake ajiye da ita a gidan ibadar ƙauyen Khumjung, ya kai wa masana a Amurka da Turai. Suka tabbatar cewa da fatar wata dabba mai kama da akuyar dutse aka yi ta.

A Amurka kuwa, a 1958 wani mai tuƙa katafila, Jerry Crew, ya ga manyan sawaye a Bluff Creek, cikin jihar Kalifoniya, jarida ta buga, sunan Bigfoot ya samo asali. Ramin ƙarya kurarre ne: da ɗan kwangilar aikin, Ray Wallace, ya mutu a 2002, iyalansa suka fito da ƙafafun katako, suka ce da su ya riƙa buga sawun. A wannan wuri ne dai Roger Patterson da Bob Gimlin suka ɗauki fim na kimanin minti ɗaya a 1967. A 2004 wani mai suna Bob Heironimus ya ce shi ne a cikin rigar gashi, Gimlin kuma ya ce bai san da wata yaudara ba. Magana ta zama ta baki da baki. A 2008 ma wasu mutum biyu a jihar Jojiya sun ce suna da gawar halittar a cikin firiza. Da ƙanƙara ta narke, sai ga rigar roba.

Da ilimin gwajin ƙwayoyin halitta ya bunƙasa, sai aka koma kan gashi da ƙashi. A 2014 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada samfurin gashi 30 da aka aiko masa, duk suka zama na sanannun dabbobi, kamar beyar da doki da saniya. A 2017 Charlotte Lindqvist ta gwada abubuwa 9 da ake jingina wa Yeti: 8 na beyar ne, ɗaya na kare.

Duk da haka, kada mu yi saurin raina maganar mutanen daji. Turawa sun daɗe suna ɗaukar labarin gwaggon birin Afirka a matsayin almara, har sai 1847 da Thomas Savage ya sami ƙoƙon kansa da ƙasusuwa a Gabon. Na kan tsauni kuwa, sai a 1902 wani hafsan Jamus, Robert von Beringe, ya harbe shi. A nan kusa da mu, a dazuzzukan iyakar Nijeriya da Kamaru, akwai gwaggon birin Kuros Riba, wanda yawansa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga shi da gudun mutane, amma kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya sun ɗauki hotonsa. Bambancin a fili yake: mafarauta sun faɗa, aka bi sawu, aka tarar da ƙashi. Dabba ba ta rayuwa ita kaɗai. Sai da garke, garke kuma dole ya bar mushe da kashi da makwanci. Wannan shi ne abin da masu neman Yeti da Bigfoot suka kasa kawowa.

Saboda haka, idan labari ya zo mana, mu tambayi kanmu abu huɗu. Wa ya gani da idonsa, wa kuma ya ji a bakin wani? Hannu nawa shaidar ta bi kafin ta iso? Wa zai ci riba idan aka gaskata? Shin wani zai iya ɗaukar abin ya gwada da kansa? Waɗannan tambayoyi su ne za mu yi wa tarihin kafuwar garuruwanmu da jerin sarakunanmu.

Marubucin ƙagaggen labari yana da damar sa dodo ya yi magana, ba wanda zai tuhume shi. Amma ranar da muka rubuta "tarihi" a bangon littafi, mun ɗauki amanar mai karatu, domin ɗalibi zai ɗauko abin da muka rubuta ya kafa hujja da shi. Abin da aka gani mu ce an gani, abin da aka ji mu ce an ji.