Zumunci a Ƙafa Yake: Elizabeth Fry da Matan Kurkukun Newgate

Na fara ganin fuskar Elizabeth Fry ne a jikin takardar kuɗi ta fam biyar da kawuna ya zo da ita daga Ingila. Mace ce mai farar hula, a gefenta kuma an zana ta zaune tana yi wa wasu mata karatu. Ban tambayi ko wace ce ba sai bayan shekaru, lokacin da ƙanena ya yi wata bakwai a gidan yari yana jiran shari'a. Sau biyu kacal na je wurinsa, don kunyar a gan ni a bakin ƙofar. Da ya fito, ya ce da ni wasu mata 'yan sa kai daga wata majami'a ne suke zuwa duk mako da sabulu da magani, ba su taɓa tambayar sa laifinsa ba. Wannan magana ce ta tura ni neman asalin irin wannan hidima.

Kafin zamanin Fry ma akwai malamin addini a Newgate, babban kurkukun Landan. Sai dai aikinsa ya fi karkata ga masu jiran igiya. Yakan yi musu wa'azin ƙarshe, ya raka su wurin rataya, kuma a ƙarni na 18 masu wannan muƙami sukan buga kalaman ƙarshe na waɗanda aka kashe, su sayar, su sami riba. John Howard, wanda ya zagaya gidajen yarin ƙasar ya wallafa abin da ya gani a 1777, ya fallasa ƙazanta da cututtuka da kuɗin da gandirobobi suke tatsa daga fursunoni. An karanta, an jinjina kai, amma sauyin ya yi tafiyar hawainiya.

An haifi Elizabeth a garin Norwich a 1780, cikin iyalin Gurney, attajirai mabiya ɗarikar Kweka ta Kiristoci. A 1813 wani mai wa'azi, Stephen Grellet, ya ba ta labarin halin da mata suke ciki a Newgate. Gani ya kori ji, sai ta je da kanta. Ta tarar da mata kusan 300 da 'ya'yansu cunkushe a 'yan ɗakuna, wadda aka yanke wa hukunci da wadda ba a ko saurari ƙararta ba duk a haɗe, suna kwana a ƙasa. Ta kai tufafin jarirai da ciyawar shimfiɗa. Daga nan ta yi kusan shekara huɗu ba ta koma ba, saboda matsalolin gida, har da rasuwar ƙaramar 'yarta a 1815. Wannan giɓi ya fi komai taɓa ni a tarihinta, domin ya nuna mini cewa ita ma ta taɓa ja da baya.

Da ta koma a ƙarshen 1816, ta fara da tambayar matan abin da suke so a yi wa 'ya'yansu. Aka buɗe makaranta a wani ɗaki, su da kansu suka zaɓi wata fursuna, Mary Connor, ta zama malama. A 1817 Fry da wasu mata suka kafa ƙungiyar kula da fursunoni mata na Newgate. Suka kawo ɗinki da saƙa da karatun Littafi Mai Tsarki, aka karanta wa fursunonin dokokin zama, suka ɗaga hannu suka amince. A ganina nan hikimar take. Wanda aka daɗe ana yi wa umarni, ranar da aka nemi yardarsa ranar ce yake tuna cewa shi mutum ne.

Labari ya bazu, har manyan gari suka riƙa zuwa kallon karatun da take yi wa matan. A 1818 ta ba da shaida gaban wani kwamitin majalisar dokoki. A shekarar ce kuma ta ga iyakar ƙarfinta. An yanke wa wata mata, Harriet Skelton, hukuncin kisa kan jabun takardun kuɗi. Fry ta roƙi ministan cikin gida, Lord Sidmouth, ya sassauta, ya ƙi, aka rataye matar, dangantakarsu kuma ta lalace. Hukuma tana maraba da mai sa kai muddin yana kwantar mata da fursunoni, da zarar ya taɓa hukuncin kansa sai fuska ta sauya.

Ba ta daina ba. Ta sa aka daina kai matan da za a kora zuwa Ostareliya bakin ruwa a buɗaɗɗun kekunan doki, inda jama'a suke yi musu ature. Ita da abokan aikinta suka riƙa hawa jiragen kafin su tashi, suna raba allura da zare da ƙyallaye. Wani bargon haɗe-haɗe da fursunonin jirgin Rajah suka ɗinka a 1841 yana ajiye har yau a birnin Kanbera. Dokar gidajen yari ta 1823, a zamanin Robert Peel, ta tanadi a raba mata da maza, mata su tsare mata, a kuma naɗa malaman addini.

To amma gyaran ya bi hanyar da ba ta so. Masu mulki suka rungumi tsarin kaɗaita fursuna a ɗaki shi kaɗai, wai don ya yi nadama, kamar yadda aka yi a kurkukun Pentonville da aka buɗe a 1842. A can ko a ɗakin ibada sai da aka yi wa kowa akurkinsa don kada ya ga ɗan'uwansa. Fry ta soki wannan tsari, domin ta ga abin da kaɗaici yake yi wa hankali. Ga shi tun 1828 bankin mijinta ya karye, mutuncin gidansu ya sha suka. Ta rasu a 1845.

Akwai masu cewa hidimarta ta zo da sharaɗin ladabi da wa'azi, kuma ta attajira ce mai kallon talaka daga sama. Ban musa ba gaba ɗaya. Sai dai Linjilar Matiyu, sura ta 25, wadda masu wannan hidima suke dogara da ita, ta lissafa ziyarar ɗaurarre cikin ayyukan da za a tambayi mutum a kansu, kuma ziyara ba ta yiwuwa da aike. Fry ta je da ƙafarta, ta yi shekaru kusan talatin tana komawa. Matan da suka kula da ƙanena ban san ko sun taɓa jin sunanta ba, amma sawunta suke bi. Ni da muka sha nono ɗaya da shi, sau biyu na je. Tun daga lokacin, duk wanda na ji an tsare ɗan'uwansa, abin da nake fara tambayar sa shi ne ranar da zai je, in ce mu tafi tare.