Sha-mai: ƙwaron da ke bin gyaɗa har cikin gida

Sha-mai ƙaramin ƙwaro ne mai launin ƙasa da ke tsotse man gyaɗa da riɗi, ya bar ƙwayar a yamushe da ɗaci. A garuruwan manoma irin su Yako da ke ƙaramar hukumar Kiru, yakan ɓuya ƙarƙashin tarin gyaɗa da rana, ya fito da dare, daga bisani ya bi amfanin zuwa ɗakin ajiya.

Rigakafinsa shi ne gaggauta tsinke gyaɗa bayan an cire ta, shanya ta nesa da ƙasa, share rumbu da toshe tsagar bango. Fesa Sniper a kan abinci kuwa ganganci ne. Ragowar sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015.